Yadda Ake Ɗora A-kori-kura da Ta Mutu a Kan Tirela a Kai Ta Gareji

Idan a-kori-kura ta mutu a hanya, abin da ke fara zuwa ran mai ita shi ne a samo igiya ko sarƙa, a ɗaura ta a bayan wata mota a ja. Mun saba ganin haka a titunanmu har ya daina ba mu tsoro, alhali ya kamata ya ba mu. Motar da injinta ba ya aiki ba ta da birkin kirki. Ƙarfin da ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki daga injin yake zuwa, kuma da zarar injin ya mutu, taku biyu ko uku ne suka rage, daga nan sai birkin ya yi tauri. Sitiyari ma ya yi nauyi. In kuwa motar otomatik ce, famfon da ke zagaya da man giya ba ya juyawa sai injin yana aiki, don haka jan ta mai nisa da tayoyi a ƙasa yana iya ƙona giyar. An fito da matsala ɗaya, a koma gida da biyu, ta biyun ma ta fi tsada.

Shi ya sa ɗaukar ta ɗungurungum a kan tirela mai shimfiɗaɗɗen baya, irin wadda ake maƙalawa a bayan wata mota a ja, ya fi. Sai dai ka riƙe abu ɗaya a ranka daga farko har ƙarshe: motar da ta mutu ba za ta taimake ka da komai ba. Nauyi ne na kusan tan 2 a kan tayoyi huɗu, kuma duk inda ƙasa ta karkata can za ta nufa. Zan yi misali da Toyota Hilux mai ƙofa huɗu, tunda ita ce ta cika ko'ina, daga motocin hukuma zuwa na manoma da 'yan kwangila.

Kafin ka kira mai tirela

Fara da kare kanka da motar. In tana iya gangarawa, a tura ta gefen kwalta. A sa waigi a taya, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayanta da nisa, ba a gindin bamba ba. Ganyen da ake zubawa a titi ba ya ƙyalli da dare, kuma in an tashi a kwashe shi. Idan motar ta tare hanya ne ko an yi haɗari, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Sannan ka duba abubuwa huɗu, domin su ne mai tirela yake bukatar ji a waya kafin ya taso. Tayoyin duka suna juyawa? Sitiyari yana murɗuwa, makullin yana hannunka? Giya tana shiga firi? Birkin hannu yana kamawa yana kuma saki? Wanda aka gaya wa cewa ƙafar gaba ta karye zai zo da jak da katako. Wanda aka ce wa kawai "mota ce ta mutu" zai zo hannu rabbana, ku wuni a rana.

Ku gama ciniki tun kafin a fara lodi, har da wurin da za a sauke ta. Ka ɗauki hotunan motar ta kowane gefe da wayarka. Takardunta kuma su kasance a jikinka, saboda mota a kan mota tana jan idon jami'ai a shingayen bincike, kuma suna da hujjar tambaya ta wa ce.

Lissafin nauyi

Nan ne mutane suke yin ganganci, su ce ai za ta ɗauka. Hilux mai ƙofa huɗu ba kaya tana kai kilo 2,000 ko kusa da haka. Tirelar ɗaukar mota mai tayoyi huɗu ita kanta tana yin kilo 600 zuwa 900. Ka ga an doshi kilo 2,800 ke nan, wanda wata mota za ta ja, ta kuma tsayar. Tsayarwar ce babbar magana.

A wuyan tirelar kirki akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Ka karanta shi. Motar da za ta ja ita ma tana da iyaka a littafinta. Manyan motoci irin su Land Cruiser ana ba su har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Tirelar da ba ta da birki, yawancin masu ƙera motoci ba su yarda ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta. Wato ba a ɗora Hilux a kan tirelar da ba birki, ko da mai walda ya rantse maka da ƙarfin ƙarfenta. In abin da ake da shi ke nan, gara a nemi babbar mota mai buɗaɗɗen baya ko janwe.

Sai tsawo. Hilux tana da tsawon mita 5.3 ko kusa, faɗinta wajen mita 1.8, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita 3 da 'yan kai. Tirelar da tayoyin suka shige da ƙyar ba ta isa ba, domin kana bukatar sarari da za ka matsa da motar gaba ko baya wajen daidaita nauyi. Idan akwai kaya a bayan a-kori-kurar, buhunan taki ne ko siminti, a sauke su su bi wata motar.

Kayan da za a tanada

Winci, wato abin jan nauyi mai naɗe wayar ƙarfe a ganga, ko na wuta ko na hannu, ko cen-bulok irin na makanikai, mai ƙarfin da ya haura nauyin motar. Bel huɗu na ɗaure kaya masu hannun tsukewa, ko sarƙoƙi da abin ɗame su. Waigi aƙalla huɗu, jak, guntayen katako masu kauri, safar hannu, tocila.

Maganar bel tana bukatar a tsaya. A kasuwa za a ce maka wannan mai tan 5 ne. Ka juya shi ka nemi 'yar takardar da aka ɗinka kusa da ƙugiya. Sau da yawa za ka ga an rubuta LC 2500 daN. Ma'anarsa, abin da aka yarda ya riƙe a bakin aiki kusan tan 2 da rabi ne, tan 5 ɗin kuwa shi ne inda zai tsinke. Da ƙaramar lambar ake lissafi. Bel ɗin da ba shi da takarda, ko gefensa ya fara zare, ko an taɓa ƙulla shi a tsakiya, ko rana ta cinye shi har ya yi fari ya bushe, a bar shi a gida. Igiyar roba da ake ɗaure buhuna da ita ba ta cikin wannan zance ko kaɗan.

Ka leƙa tayoyin tirelar ma. Irin waɗannan tireloli sukan daɗe a ajiye, tayar ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. A auna iska kafin a ɗora nauyi.

Tsayar da tirela

A nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Motar ja da tirela da matacciyar mota su jeru a layi ɗaya, sak. Minti biyar da za a ɓata wajen gyara layin nan sun fi sa'a guda ta kokawa da motar da ta hau a karkace.

Tirela ta kasance a haɗe da motar ja, an kulle mahaɗar an sa fil, sarƙoƙin tsaro biyu sun gitta juna a ƙarƙashin wuyanta. Motar ja tana cikin giya, an ja birkin hannu, an sa waigi gaba da baya.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Lokacin da tayoyin gaban Hilux suka taka wutsiyar tirela, nauyin yana danna wutsiyar ƙasa, wuyan ya ɗaga sama, ya ɗago bayan motar ja. To birkin hannu kuwa tayoyin baya yake kamawa. Suna barin ƙasa, komai ya kama gangarawa tare, mota da tirela da kaya. Maganinsa mai sauƙi ne: a tokare wutsiyar tirela da katako ko jak ta ɓangarorin biyu, a bar ɗan sarari kaɗan yadda za a iya zare su bayan lodi, sannan a sa waigi a tayoyin gaban motar ja.

Ƙarafan hawa a maƙala su sosai a mazauninsu, a daidaita su da faɗin tayoyi. Hilux tana da tsayi, ba kasafai cikinta ke gugar ƙasa ba, amma in hawan ya yi tsaye da yawa a sa katako a ƙarƙashin ƙarafan ya kwanta. Idan babbar mota ce mai dogon bodi aka samu a ƙauye, a nemi tudu ko gefen kwalbati a ja da baya a jingina, yadda ake lodin shanu a kara. Dabara ce mai kyau, muddin ƙasar ba mai zaizayewa ba ce.

Hawa

Gaban motar ne zai fara hawa, saboda injin yana gaba kuma nauyin can ake son sa. A maƙala ƙugiyar winci a zoben ja da ke manne da shasi a ƙarƙashin gaba. Kada a maƙala a bamba, ko ƙarfen ado na gaba, ko tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Tayarod yana lanƙwashewa, ka gyara injin ka dawo mota tana cin taya.

A murɗa makulli har sitiyari ya saki. Sai winci ya ɗame, wayar ta miƙe ta ɗauki nauyi, sannan a sa giya a firi, a saki birkin hannu, a cire waigi. Wannan jerin ba a juya shi.

Mutum ɗaya ne zai ba da umarni, kuma ya tsaya inda mai winci da mai sitiyari suke ganin hannunsa. Na san da wuya, domin duk inda mota ta lalace sai jama'a sun taru, kowa da shawararsa, kuma da kyakkyawar niyya suka zo. Ka gode musu, ka roƙe su su koma gefe, musamman yara. Ba mai tsayawa a bayan motar, ba mai tsayawa tsakaninta da tirela, ba mai tsallake waya. A yafa bargo ko tsohuwar tabarma mai nauyi a tsakiyar wayar, in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala. Kada a warware wayar winci har ƙarshe, a bar aƙalla zagaye biyar a jikin gangarsa.

A ja a hankali. Mutum biyu su bi ta gefe da waigi, suna matsar da shi bayan tayoyin baya duk bayan ɗan taƙi, hannunsu a gefen waigin, ba a ƙarƙashin taya ba. Idan cen-bulok ake amfani da shi, sarƙarsa gajera ce, dole a riƙa tsayawa ana sake kamu. Kafin a sassauta shi a sa waigi, a ja birkin hannu, a kuma ɗaure motar da wata sarƙar daban.

Turawa da ƙarfin samari, a taho da gudu a haye, wannan ban yarda da shi ba ko sau ɗaya. In gudun bai isa ba motar za ta dawo kan masu turi. In ya yi yawa za ta zarce ta daki bayan motar ja, kuma na cikinta ba shi da birkin da zai hana.

Idan ta ƙi gangarawa

Otomatik da batirinta ya mutu takan maƙale a P. Kusa da sandar giya akwai ɗan maɓalli ko ɗan murfi da ake ɓallewa a danna da sukuddireba, sandar ta saki zuwa N, wato firi. In giyar ce ta cije daga ciki, makaniki zai kwance furofela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, daga wajen aksil na baya, ya yi alama a inda ya cire, ya ɗaure ta sama da waya. Amma a sa waigi tukuna kafin ya shiga ƙarƙashi, domin yana cire ta motar ta zama saki.

Birkin baya da ya kama saboda daɗewa a ajiye yakan saki in an bubbuga gangar birkin da guduma ana jijjiga motar. Tayar da ta sace a sa safaya ko a kira mai faci, ya fi a ja ta a kan rim. Tayar da ta cije gaba ɗaya kuwa, a ɗaga ta a sa mata faffaɗan roba mai kauri, irin gefen tsohuwar jarka, a zuba ruwan sabulu a hanyarta ta zame. In ƙafar gaba ce ta ɓalle, a ɗaga da jak, a mayar da ita mazauninta gwargwadon iko, a ɗaure tam da bel, a ja kaɗan-kaɗan ana dubawa.

Inda za ta tsaya

Kada a ce tunda ta hau an gama. Inda motar ta tsaya a kan tirela shi ne zai nuna yadda tafiyar za ta kasance. Ana son wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyin tirela, abin da ke danna mahaɗa kuma ya zama kamar kashi 10 cikin 100 na jimillar nauyi, ba tare da ya wuce abin da aka rubuta a jikin mahaɗar ba.

Ba sikeli a bakin hanya, amma ido yana aiki. Ka koma gefe da nisa ka duba. Bayan motar ja ya kamata ya ɗan zauna kaɗan, tirela kuma ta kwanta daidai. In bayan ya durƙushe, hancin motar ya kalli sama, nauyi ya yi gaba da yawa, sitiyari zai yi sakwa-sakwa. In kuwa bayan bai motsa ba, ko ya ɗaga, nauyi ya yi baya, kuma wannan ya fi haɗari, domin shi ke sa tirela ta fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗauki gudu. Taƙi ɗaya gaba ko baya yana canja lamarin. Ka duba hagu da dama ma, sararin ya zo ɗaya.

Ɗauri

Kusurwa huɗu, bel huɗu, kowanne da nasa wurin kamu. Na gaba su ja gaba, na baya su ja baya, yadda motar za ta zama a ɗame tsakaninsu.

Mutane sukan ƙarfafa ɗaurin gaba su yi sakaci da na baya, suna tsoron kada ta zame ta faɗo. Gaskiyar ita ce babban ƙarfin gaba yake turawa. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai da Amurka ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Ga motar tan 2, taka birki na gaggawa yana iya zama turi na kilo 1,600, kuma inda ya nufa shi ne ƙeyar direban da ke ja. Bel biyun baya su ke riƙe wannan. Su za a ba mafi kyau.

Wurin kamu mafi kyau shi ne tayar kanta, da bel ɗin da ke rungumar ta ta sama. Bayan shi sai aksil. Dalili kuwa, jikin mota yana kan sifirin, yana hawa yana sauka a kowane rami. In ka ɗaure a shasi, duk lokacin da jikin ya nutse bel zai yi sako-sako, ya dawo da fizga, har ƙugiya ta iya zamewa. In ba makawa sai shasi, a ɗame har motar ta ɗan durƙusa, a kuma yi amfani da ƙugiya mai marfi.

In za ka zagaya aksil na baya, ka durƙusa da tocila ka duba. Akwai siririn bututun ƙarfe da ke kwance a jikinsa, kaurinsa bai kai na fensir ba, yana kai man birki ga tayoyin biyu. Ka zura bel ta ƙarƙashinsa, tsakaninsa da aksil, ko ka kauce masa. In ka matse shi ba za ka ga komai ba a ranar. Sai an gyara mota an hau hanya birki ya ba da matsala, ba wanda zai tuna da ɗaurin. Haka nan a nisanci salansa, da furofela, da shokozoba, da wayoyin da ke zuwa taya.

Bel ya kwanta ba murɗiya, ya zagaya gangar hannunsa sau biyu zuwa uku, a kulle hannun, a naɗe ragowar a ɗaure kada ta shiga taya. Duk inda ya gogi kaifin ƙarfe a sa guntun tsohuwar taya ko tiyo. Ana tsukewa bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, ba a gama da kusurwa ɗaya a koma wata ba.

Bayan haka a sa ta giya ta ɗaya ko P, a ja birkin hannu. Winci a ɗan sassauta shi a bar shi a maƙale, amma ba a lissafa shi cikin ɗauri. A rufe gilasai, a naɗe madubai, a tabbatar murfin injin da ƙofar baya sun kulle. In matsalar ta wuta ce ko an yi karo, a cire kan batir. A ɗaga ƙarafan hawa a kulle, a zare katakon wutsiya, a gwada fitilun birki da sigina na tirela. Sai ka kama motar ka girgiza da ƙarfinka: jikinta zai iya rawa, tayoyin kada su motsa.

A kan hanya

Littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya ƙayyade wa janwe da ke jan mota kilomita 45 a sa'a, ko a babban titi ne. Wannan ma'auni ne mai kyau ga duk mai jan irin wannan nauyi a hanyoyinmu. A ninka tazara da motar gaba, a buɗe kwana sosai saboda tirela tana yanke ta ciki, a hau kan tudun rage gudu kamar ana tafiya da ƙafa.

Bayan kilomita 10 zuwa 15 a tsaya a sake tsuke bel duka. Za ka same su sun saki, domin motar ta zauna. Daga nan a riƙa dubawa duk tsayawa, da kuma bayan kowane mummunan wuri. Ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace tayar tirela. Ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi sauran zafi nesa, boris ne ko birki ke ci, kada a ci gaba.

A gangara mai tsawo irin Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, a shiga ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe nauyin, birki a riƙa taɓa shi ana saki. Idan tirela ta fara kaɗawa, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danne birki kuma kada ka bi ta da murɗa. Gudu na raguwa za ta lafa. Sai ka tsaya ka matsar da motar gaba kaɗan. Kowa ya zauna a motar ja, ba mai zama cikin wadda aka ɗora. In da hali a yi tafiyar da rana.

Saukewa

Ana saukewa ne da irin tanadin da aka hau: fili shimfiɗaɗɗe, waigi, katako a wutsiya, tirela a haɗe. A fara ɗame winci, sannan a kwance bel, sannan firi da sakin birkin hannu. Wincin ne zai sauko da ita sannu a hankali, ba a sake ta ta gangaro don wani yana ciki. A duba bayanta tukuna, domin gareji ba ya rasa yaran koyo da ke kwance ƙarƙashin wata motar.

Tana taka ƙasa a sa waigi kafin a cire ƙugiya. Sannan ka kira maigidan garejin, ba yaransa ba, ka gaya masa duk abin da aka taɓa a hanya: an cire kan batir, an kwance furofela ga alamar, ga notocinta a leda, an ɗaure ƙafar hagu da bel kada a murɗa sitiyari sai an tokare ta.